Annoba a Katako: Mu Ne Farkon Sani, Mu Ne Ƙarshen Tuntuɓa



Duk wanda ya zauna a Katako da kewayenta ya san idan wata cuta ta shigo unguwa ba likita ne ke fara sani ba. Mai kemis ne ke fara lura cewa tun safe mutum biyar sun zo neman maganin gudawa, kuma duk daga layi ɗaya. Ɗan garuwa ya san gidan da jiya ya kai jarka huɗu, yau an ce ya kawo goma saboda wankin zannuwan mara lafiya. Liman ya san ya sallaci gawar yara biyu cikin kwana uku. Masu haƙar kabari sun fi kowa sanin lissafi. Kafin labari ya hau takarda ya isa ofis, a sa hannu, a nemo mota da mai, mu nan ƙasa mun yi kwana da kwanaki muna kallon abin.

Abin da ke damuna shi ne waɗannan mutane da suka fi kowa saurin sani, su ne ake tunawa da su a ƙarshe. Sai an gama taro a otal, an buga fosta da Turanci, an ware kuɗi, sannan a aiko wa mai unguwa cewa gobe da ƙarfe tara ya tara jama'a. Idan jama'a ba su fito ba a ce mutanen Jos ta Arewa taurin kai gare su. Wannan magana nake so mu tattauna, ɓangaren da ya shafi hukuma da kuma wanda ya shafe mu, domin ba a aske wa mutum kai ba ya nan.

Bari in fara da abin da yawancinmu ba mu manta ba. A watan Yulin 2014 wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya shigo Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. A duk faɗin Najeriya mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana shi fita daga asibiti. Cutar ba ta taɓa isowa Filato ba. Amma a daren da aka wayi gari Juma'a 8 ga Agusta, wayoyi suka yi ta ruri tun kafin asuba: ku tashi ku yi wanka da ruwan gishiri, ku sha, shi ne rigakafin Ebola. Wa ya kira ka? Ba baƙo ba ne. Ƙanwar babarka ce, ko abokin cinikinka, ko ɗan uwanka da ke Bauchi. A gidanmu ma an tashe mu, an dafa ruwa, an zuba gishiri. Kafin gari ya waye saƙon ya zagaye ƙasar nan kaf. Jaridu sun ruwaito cewa a nan Filato mutum biyu sun rasa ransu, an kuma kwantar da kusan ashirin a asibiti saboda shan gishirin, abin da ya fi yi wa masu hawan jini illa. Ebola ba ta kashe kowa a jiharmu ba, jita-jitarta ce ta yi kisa.

Mutane da yawa idan suka tuna da daren gishiri dariya suke yi. Ni wani abu nake gani a ciki. A cikin sa'o'i kaɗan, ba rediyo, ba fosta, ba sisin gwamnati, saƙo ya shiga kowane ɗaki. Wato hanyar isar da magana muna da ita, kuma tana da ƙarfin da babu wata ma'aikata da ke da irinsa. Abin da ya bi ta cikinta a daren nan ne ya zama ƙarya. Da a ce tun makonni biyu kafin nan an zauna da limamai da fastoci da shugabannin kasuwa da masu kemis an yi musu bayanin yadda Ebola ke yaɗuwa da yadda ba ta yaɗuwa, da an samu wanda zai ce wa ƙanwar babarka: Inna, ajiye gishirin nan, ba haka ba ne.

Jos ba baƙuwar annoba ba ce. Zazzaɓin Lassa da ake ta magana a kai duk rani, a garin nan duniya ta fara gane shi. A watan Janairun 1969 aka ɗauko wata ma'aikaciyar jinya, Laura Wine, daga garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta asibitin mishan na SIM a Jos, ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta bi ta. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka ta tsira, kuma a can aka gano ƙwayar cutar. Shekara ta zagayo, a farkon 1970, cutar ta sake ɓulla a asibitin Jankwano, ta kashe majinyata da ma'aikata, har da likitar asibitin, Dakta Jeanette Troup, wadda ta yanke a hannu wajen binciken gawa. Yau fiye da shekara hamsin ke nan, kuma an san ɓera ne ke ɗauke da cutar, ta fitsarinsa da kashinsa da ke taɓa abinci.

To ku dubi Katako. Ga 'yan hatsi da buhuna jibge, ga 'yan katako da tarin itace da ɓuntun zarto, ga dilolin gwanjo, ga masu abinci, ga bola. Idan ɓera na neman masauki, ina ya fi nan? Wa zai iya sa a ɗaga buhuna daga ƙasa a ɗora kan katako, a toshe ramuka, a riƙa kwashe shara a kan lokaci, a daina shanya abinci a bakin hanya? Jami'in da zai zo sau ɗaya a shekara da lasifika ba zai iya ba. Shugaban 'yan hatsi zai iya, domin shi idan ya ce a yi, wanda ya ƙi ya san tarar da ke jiransa, kuma gobe ma za su haɗu. Sannan maganin da ake ba mai Lassa ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko. Wanda zai ce wa mutum zazzaɓin nan naka ya ƙi jin maganin maleriya, tashi mu je asibiti, maƙwabcinsa ne na rumfa.

Mu tuna da ambaliyar Yulin 2012, a farkon azumi, lokacin da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin dare, ruwa ya tumbatsa daga wajen madatsar Lamingo ya biyo rafi ya afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Sama da mutum 30 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. Su wa suka shiga ruwa cikin duhu? Samarin unguwa ne da 'yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanul Islam. Su suka bi rafi suna neman gawarwaki, su suka kai Babban Masallaci, mata kuma suka haɗa tukwane suna dafa wa waɗanda aka tsugunar a makarantu abin buɗa baki. Bayan 'yan kwanaki amai da gudawa suka biyo baya, saboda ruwan ya cika masai ya kwarara cikin rijiyoyi. Haka a ranar Juma'a 12 ga Yulin 2024, da ginin makarantar Saints Academy ya rufta a Busa Buji ya kashe mutum 22, maƙwabta ne suka fara tono da hannu da shebur kafin manyan motoci su iso, ba wanda ya tsaya tambayar addinin yaron da ke ƙarƙashin ƙasa.

Saboda haka idan na ji ana cewa za a "shigar da al'umma" cikin aikin gaggawa, sai in ce al'umma ai tana ciki tun kafin a zo. Abin da ya rage shi ne a san da ita, a horar da ita, a ba ta kayan aiki, a kuma saurare ta. Ɗan agajin da ke ɗaukar gawar mai kwalara da hannu ba safar hannu, ba ruwan kulorin, jarumi ne, amma an bar shi ya zama hanyar da cutar za ta bi ta shiga gidansa.

Akwai wani abu da na gani da idona a daminar 2021, shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 111,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,600, kuma Jos ta Arewa na cikin inda ta fi tsanani a jihar nan. Wasu ma'aikata suka shigo layinmu da rana tsaka, maza ba sa gida, suka ce za su zuba magani a rijiyoyi. Ba su biya ta wajen mai unguwa ba, ba mace ko ɗaya a cikinsu, kuma wanda ke bayanin Hausarsa ba ta fita. Gida biyu suka bari aka zuba, sauran suka rufe ƙofa. Kafin magariba labari ya bazu cewa an zo zuba maganin hana haihuwa. Ɗaya daga gidajen da aka zuba wa ma sai da suka kwashe ruwan rijiyar suka zubar. Bayan kwana biyu wata dattijuwa da ke karɓar haihuwa a unguwar, wadda kusan rabin yaran layin a hannunta aka haife su, ta je asibitin sha-ka-tafi ta tambaya aka yi mata bayani. Ta dawo da maganin a leda, ta shiga gida gida, ta zuba a bokiti, ta jira rabin sa'a, ta ɗebo ta sha a gaban matan gida. Ba wanda ya sake rufe ƙofa. Magani ɗaya ne, hannun da ya kawo shi ne ya bambanta.

Kada wani ya ce wannan tsoro jahilci ne kawai. Yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Da aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, wannan tabo na cikin abin da mutane ke nunawa. Sakamakon ya yi muni, domin cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonisiya. Me ya gyara lamarin? Ba barazana ba ce. An tura malamai da likitocinmu sun je sun bincika, an kawo maganin daga Indonisiya, aka koma rigakafi a Kano a 2004. Daga 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya, aikin ya sauko daga sarki zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa suna shiga gidaje da wuraren suna, waɗanda shan inna ya nakasa su ma suka fito suna cewa ku dube mu. A 2016 aka ga na ƙarshe a Borno, ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. An yi asarar shekaru kafin a gane cewa da mai gida ake shiga gida.

Ko a Gini da Saliyo da Laberiya haka aka yi da Ebola. Da farko ana zuwa da fararen kaya a ɗauke gawa a jefa a rami, dangi na kallo daga nesa. Mutane suka koma ɓoye marasa lafiya suna binne matattu da dare, cutar ta ƙara yaɗuwa. Sai da aka zauna da limamai da fastoci aka fito da tsarin da ke kare masu rai ba tare da wulaƙanta mamaci ba: a yi taimama maimakon wanka, a sa likkafani, a yi salla, dangi su ga inda aka sa nasu. Daga nan jama'a suka fara kira da kansu.

Mu dawo gida mu tuna da korona. A watan Afrilun 2020 gwamnatin Simon Lalong ta sa dokar kulle, aka rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci, aka kafa kotunan tafi-da-gidanka. Ba na musun cewa cutar gaskiya ce, ta kashe mana dattawa. Amma mutumin Katako da sai ya sauke lodin katako ko ya tura baro sannan a ɗora tukunya a gidansa, an ce ya zauna a ɗaki ana shirin shiga azumi, ba a tambayi shugabanninsa yadda za a yi da cikinsa ba. Da an tambaya, da an ji shawarwari: a raba ranakun kasuwa tsakanin sassa, a sa bokitin wanke hannu a kowace ƙofa a ɗora wa ƙungiya alhakinsa, a ba masu unguwa da limamai da fastoci rabon tallafi tunda sun san gidan marayu da na zawarawa. Sai ga shi ranar 24 ga Oktoban shekarar, jama'a suka fasa rumbun ajiya a Bukuru, duniya ta ga mutane a kan rufin kwano suna fito da buhunan abinci. Ba na goyon bayan wawaso. Amma tun daga ranar, duk wanda ya zo da maganar korona sai a tuna masa da Bukuru, kuma allurar rigakafin da ta zo daga baya ta sha wahalar wannan rashin yarda.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da garinmu. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba Jos gida biyu, kasuwar Katako kanta ta ci wuta a na 2008. Har yau akwai unguwar da wani ba ya shiga da dare, akwai mai jinyar da ke tsoron a tura ta wani layi, akwai mara lafiyar da zai gwammace ya kwana a gida da ya tsallaka wata unguwa neman asibiti. Kwalara ba ta san wannan iyaka ba. Rafin Dilimi da ya ratsa ta bayan gidan Musa shi ne ya wuce ta bayan gidan Bitrus. Kasuwarmu na cikin wurare kaɗan da Bahaushe da Ibo da Birom da Anaguta da Afizere da Bayarabe ke haɗuwa kullum su yi ciniki su ci abinci a rumfa ɗaya. Duk tsarin lafiyar da aka gina a kan kasuwar nan zai isa unguwannin da motar gwamnati ke jin nauyin shiga.

Na san za a ce shugabannin namu ma ai ba mala'iku ba ne. Gaskiya ne. Mun ga inda aka ba da gidan sauro ya ƙare a kasuwa, mun ga inda sunayen masu aikin rigakafi suka zama na 'ya'ya da surukai, mun ga mai wa'azin da ya hau mumbari ya ce cuta ƙarya ce. Maganin wannan shi ne a yi komai a fili. A karanta abin da aka kawo a masallaci da coci, a liƙa sunaye a ƙofar mai unguwa, a sa mata da matasa a cikin masu rabo. Abin da mutum ɗaya ya karɓa a ɗaki shi ke ɓata. Malamanmu kuma su tuna mana cewa addini bai bar mu a duhu ba: an hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke can. Killace mara lafiya ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

To me ya rage mana, mu 'yan wannan ƙungiya? Ina da shawara huɗu, kuma babu wadda ke buƙatar jiran Abuja.

Na farko, mu kafa kwamitin lafiya na dindindin tun yanzu da ake zaune lafiya: wakilin mai unguwa, liman, fasto, shugabannin sassan kasuwa, ɗan agaji, mai kemis, ungozoma, shugaban 'yan garuwa, da mata aƙalla uku. A tsarin lafiya na ƙasa kowace mazaɓa ya kamata tana da kwamitin raya mazaɓa da ke aiki da asibitin sha-ka-tafi. Mu bincika namu, idan yana barci mu tashe shi, mu shiga ciki.

Na biyu, mu san ƙofar da ake bugawa. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Kwamiti ya je ya gaishe shi, a karɓi lambarsa, a yi yarjejeniya cewa idan mai kemis ko liman ya ga abin da bai saba gani ba, a ranar za a kira. Hukumar NCDC ma tana da layin kyauta, 6232.

Na uku, mu nemi a horar da 'yan agajinmu da masu wankan gawa, maza da mata, mu kuma saya musu safar hannu da takunkumi da kulorin daga asusun ƙungiya. Kowace uwa ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba mai gudawa tun a gida, ana ba shi ana tafiya asibiti. Kwalara na iya kashe babban mutum cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki, kuma wannan haɗin ya ceci rayukan da ba su ƙirguwa.

Na huɗu, mu tsare wayoyinmu. A zaɓi mutum biyu ko uku da aka yarda da su, cikinsu da ma'aikacin lafiya ɗan unguwa, waɗanda duk saƙon cuta da ya shigo WhatsApp za a tura musu kafin a yaɗa. Wanda bai tabbatar ba ya riƙe yatsansa.

Ga hukuma kuma roƙona ɗaya ne: ku zo tun kafin ranar wanka, domin ba a ranar ake ɓoye cibi ba. Ku zo a rani mu yi maganar damina. Ku zo da Hausa, ku zo da mata, ku zauna a tabarma ku ji abin da ɗan garuwa ya sani game da rijiyoyin da yake ɗiba. Idan kun yi alkawarin gyara famfo ku gyara, saboda mutumin da aka ce ya wanke hannu alhali jarka yake saya, ya san ba a san halinsa ba. Idan an ɗauki jinin mutum ko an kai ɗansa killacewa, a dawo a faɗa wa iyalinsa sakamako. Yarda a hankali ake tara ta kamar adashi, ranar annoba kuma ake kwasa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana a ajandar taro mai zuwa. 'Yan uwanmu likitoci da ma'aikatan jinya da ke wannan shafi, na JUTH da na Jankwano da na Plateau Specialist da na sauran wurare, muna buƙatar ku ba mu ko da yini ɗaya a wata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare Katako da Jos da Najeriya baki ɗaya daga annoba da fitina. Amin.